Dutsen da aka hango tun yana sama, aka je aka tsinto shi a hamadar Sudan

Tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamed, a arewacin ƙasar Sudan, akwai wani tsohon layin dogo da Turawan Ingila suka shimfiɗa a shekarar 1897, wanda ya ratsa hamadar Nubiya. Da yake babu gari ko ƙauye a kan hanyar balle a ara wa tashoshin suna, sai aka ba su lamba, daga ta ɗaya har zuwa ta goma. Ta shidan, wadda mutanen wurin ke kira Almahata Sitta da Larabci, ba kowa ya san da ita ba in ban da ma'aikatan jirgi da direbobin da ke yada zango a can. To amma da asubahin ranar Talata 7 ga watan Oktoba na 2008, da ƙarfe 6 saura minti 14 agogon Sudan, wata wuta ta keto daga yamma ta haske hamadar baki ɗaya, can kuma sai ƙara ta biyo baya kamar aradu. Da gari ya fara wayewa mutanen Wadi Halfa suka ga wani hayaƙi murɗaɗɗe rataye a sama, har wasu suka ɗauki hotonsa da wayar salula.

Faɗowar dutse daga sama ba sabon abu ba ne, kowace shekara ana yi, galibi a cikin teku ko inda babu kowa. Abin da ya sa wannan ya fita daban shi ne an san da zuwansa. Tun kimanin awa 20 kafin ya iso aka hango shi, aka ba shi suna, aka faɗi ƙasar da zai faɗa da lokacin da zai faɗa, kuma aka duba irinsa tun yana tafe. A tarihi ba a taɓa yin haka ba sai a wannan karon.

Yadda aka gan shi

Wanda ya fara ganinsa wani Ba'amurke ne mai suna Richard Kowalski, ma'aikaci a shirin Catalina na jami'ar Arizona. Aikinsu gadi ne, amma gadin sama. Suna da madubin hangen nesa mai faɗin mita ɗaya da rabi a kan dutsen Lemmon, kusa da birnin Tucson, kuma kowane dare in babu hadari sai su ɗauki hoton yanki guda na sararin sama har sau huɗu, suna barin ƴan mintoci tsakani. Taurari ba su sauya wuri a cikin hotunan. Duk ɗigon hasken da aka gani nan a hoton farko, aka gan shi ya gusa a na biyu da na uku, to ba tauraro ba ne, wani abu ne na kusa da mu da ke tafiya. Kwamfuta ce ke zaƙulo irin waɗannan, mutum kuma ya duba da idonsa ya tabbatar.

Lokacin da Kowalski ya ga nasa ɗigon, a can dare ne, a nan kuwa ƙarfe 8 saura na safiyar Litinin 6 ga wata, ƴan kasuwa na buɗe rumfuna. Dutsen ya ɗan ɗara wata nisa. Ya aika da bayanin zuwa cibiyar da ke rajistar irin waɗannan duwatsu ta duniya, wadda ke Cambridge a jihar Massachusetts. Da aka lissafa hanyarsa sai aka ga ba wucewa zai yi ba, kanmu ya nufo. Masanan hukumar NASA da ke Kalifoniya suka sake lissafi, suka ce arewacin Sudan ne, kuma suka tsayar da lokaci. Tsakanin lokacin da suka faɗa da lokacin da abin ya faru, bambancin bai kai minti ɗaya ba.

Labari ya bazu ta intanet, masu madubai manya da ƙanana, har da waɗanda sha'awa ce kawai ta sa su ba aikin albashi ba, suka juya su wajensa. Kafin ya shige inuwar duniya ya ɓace wa ido, kimanin awa ɗaya kafin ya faɗo, an auna inda yake fiye da sau 500. Daga yadda haskensa ke ƙaruwa yana raguwa aka gane cewa ba tafe yake a miƙe ba, wulwulawa yake yi yana ƙundumbala, kowane juyi ƙasa da minti biyu.

Sunan da aka ba shi, 2008 TC3, kamar lambar mota ne, kowane harafi da abin da yake nufi. Shekarar ke nan a gaba. An raba shekara zuwa rabin wata 24, kowanne da harafinsa, kuma T na nufin kwana 15 na farkon Oktoba. C3 ɗin kuma na nuna shi ne na 78 da aka yi wa rajista a cikin waɗancan kwanaki.

Cinikin biri a sama

Waɗannan duwatsu da ke zagaya rana ragowar kayan gini ne. Lokacin da duniyarmu da sauran duniyoyi suka dunƙule, shekara miliyar 4 da rabi da suka wuce, an samu ɓarɓashin da bai shiga ginin ba, kamar yadda akan bar guntayen bulo da tsakuwa a gefen sabon gida. Mafi yawansu na tsakanin duniyar Mars da ta Jupita. Babbansu, Ceres, wani malamin taurari ɗan Italiya, Giuseppe Piazzi, ya gano shi ranar 1 ga Janairun 1801 a birnin Palermo, faɗinsa ya kai kilomita 940. Waɗanda aka yi wa rajista zuwa yanzu sun haura miliyan ɗaya, amma ko an tattara su duka an ɗora a sikeli, ba su kama ƙafar wata ba wajen nauyi.

Matsalar ita ce kusan dukansu ɗigon haske ne kawai ko a cikin babban madubi. Ta yaya za ka san abin da ke cikin kayan da ba ka taɓa ba? Dabarar da masana suka samo ita ce ta launi. Dutsen ba shi da hasken kansa, na rana yake maidowa. In aka bi da wannan haske ta cikin wata na'ura sai ya rarrabu launi-launi kamar bakan gizo, kuma kowane ma'adini akwai launin da yake shanyewa, sai a ga giɓi a wurin. Ta giɓin ake gane shi. Kusan abin da gogaggen dillali ke yi ne a kara, ya hango garke daga nesa ya ce maka waccan bunaji ce, waccan rahaji, waccan azawak, tun bai duba haƙori ba.

A shekarar 1975 wasu masana uku na Amurka, Clark Chapman da David Morrison da Ben Zellner, suka fitar da rabe-rabe na farko. Rukunin C baƙaƙe ne wuluk, masu sinadarin kabon irin na gawayi, kuma su ne kusan kashi 75 cikin 100. Rukunin S su ne masu jikin dutse sosai, sun fi haske, launinsu ya ɗan karkata zuwa ja, kuma sun kai kashi 17 cikin 100. Daga baya aka ƙara rukunin M na waɗanda ake kyautata zaton ƙarfe ya yi musu yawa. A 1984 David Tholen ya faɗaɗa lissafin zuwa iri 14, a ciki har da wani ƙaramin reshe na baƙaƙen da ya kira F.

Duk da haka cinikin biri a sama ne. A ɗakunan bincike akwai dubban duwatsun da suka faɗo, an yanka su, an san cikinsu ƙwayar-ƙwayar, amma ba a san daga wane uban dutse kowanne ya ɓalle ba. A sama kuma ga iyayen, an san launinsu, ba a taɓa su ba. Shekaru aka kwashe ana gardama a kan rukunin S. Kashi 80 cikin 100 na abin da ke faɗowa duniya iri ɗaya ne, wanda ake kira kondirait na gama-gari, mai ƙananan ƙwayoyi zagayayyu a cikinsa kamar gero. Hankali ya ba da cewa daga rukunin S suke, sai dai launin bai zo daidai ba, na saman sun fi ja. Sai da Japan ta aika da kumbonta Hayabusa a 2003 zuwa wani ɗan rukunin S mai suna Itokawa, mai tsawon mita 500 da ƴan kai, ya dawo a watan Yunin 2010 da ƙura wajen ƙwaya 1,500, sa'annan gardamar ta mutu. Kondirait ne. Jan kuwa dafuwa ce ta fatar waje, saboda daɗewa a cikin iskar da rana ke fesowa da bugun ƙananan ƙura, kamar yadda atamfar da ta daɗe rataye a bakin rumfa ke sauya launi alhali ta cikin bandir na nan yadda take.

Wancan tafiya ce ta shekara bakwai da kuɗi masu yawa. Shi kuwa 2008 TC3 da ƙafarsa ya kawo kansa. Awa biyu da ƴan kai kafin ya faɗo, wasu masana da ke aiki da madubin William Herschel, mai faɗin mita 4.2, a tsibirin La Palma da ke yamma da gaɓar Maroko, suka ajiye aikin da ya kawo su suka rarraba haskensa. Baƙi ne, babu manyan giɓin nan na rukunin S, kuma a ƙarshe aka jingina shi da reshen F. Saura a samu dutsen a hannu a gwada.

Neman allura a cikin tsakuwa

Girmansa bai wuce mita 4 ba, nauyinsa kimanin tan 80, wato buhun hatsi 800 mai kilo ɗari-ɗari. Ya shigo iskar da ta lulluɓe duniya da gudun kusan kilomita 13 a kowane sakan, gudun da zai kai mutum Katsina daga Maraɗi kafin ya ƙirga goma. Matuƙan wani jirgin saman KLM da ke bisa ƙasar Cadi, waɗanda aka sanar da su tun farko, sun hango walƙiyarsa daga nisan kilomita 1,400. Tauraron ɗan Adam na hasashen yanayi, Meteosat 8, ya ɗauki hoton fashewar, wata na'urar sauraro da ke Kenya kuma ta ji rugugin. Ya tarwatse yana kilomita 37 sama da ƙasa. Dutsen da ya fashe a irin wannan tsawo alama ce ta cewa ba shi da ƙwari, don haka masana da yawa suka ɗauka ya zama ƙura, babu abin da za a tsinta.

Mutum biyu ba su haƙura ba: Peter Jenniskens na cibiyar SETI a Kalifoniya, da Muawia Shaddad, malamin kimiyya a jami'ar Khartoum. A farkon Disamban 2008 suka kwashi ɗalibai da ma'aikatan jami'ar su 45 suka nufi tasha ta shida. Babu wata na'ura ta musamman, ido ne da ƙafa. Aka jera ɗaliban sahu guda mai faɗi, suna tafiya a hankali suna duban ƙasa, suna bin layin da lissafi ya nuna. Ranar 6 ga Disamba wani ɗalibi ya tsinci na farko, ɗan baƙin dutse mai ƙonanniyar fata. Cikin kwana uku sun samu 15. Da aka yi ta komawa, an tara guntaye wajen 600, nauyinsu duka kilo 10 da rabi. Daga buhu 800 abin da ya zo hannu bai fi tiya huɗu ba. Duk wanda aka samu, kafin a ɗaga shi sai an ɗauki hotonsa a inda yake kwance, an rubuta lambar wurin, an ba shi tasa lamba. Wannan rubutun ne ya sa aka iya zana taswirar yadda suka watsu, ƙananan daga yamma, manyan can gabas.

Da aka yanka, sai ga abin da ba a zata ba. Yawancinsu wani iri ne da ba a cika samu ba, yurelait, wanda ya samo sunansa daga ƙauyen Novo-Urei na ƙasar Rasha inda irinsa ya faɗo a 1886. Dutse ne da ya taɓa dahuwa da zafi a cikin wata babbar uwa da ta fashe tun fil azal, kuma cike yake da kabon, har da ƙwayoyin daimon. Kada mai karatu ya zabura, daimon ɗin ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu, ba na zobe ba ne. Amma sun haddasa muhawara: a 2018 wasu masana a Suwizalan suka ce irin wannan daimon ba ya samuwa sai a cikin uwa mai girman duniyar Makyuri ko Mars, wasu kuma a 2020 suka ce ƙarfin karo kaɗai ya isa ya haifar da shi. Da aka haska guntayen a ɗakin bincike, launinsu ya dace da wanda aka ɗauka daga La Palma. Karo na farko ke nan da aka haɗa dutsen hannu da ubansa na sama kai tsaye, kuma mujallar Nature ta buga sakamakon a watan Maris na 2009.

Abin bai tsaya nan ba. Wajen ɗaya cikin huɗu na guntayen ba yurelait ba ne sam, wasu kondirait ne na gama-gari, wasu kuma wani irin daban. Ashe dutsen tarkace ne da suka manne da juna sako-sako, kamar buhun da aka yi wa algus, ana ganin abu guda a baki alhali ciki iri-iri ne. A ganina wannan shi ne babban darasin da masanan suka kwaso daga Sudan: launin da aka hango daga nesa yana faɗin gaskiya, amma gaskiyar fatar waje.

Wani zai ce mene ne amfanin wannan wahala. Amfanin shi ne sanin girma da ƙwari. Baƙin dutse babba da farin dutse ƙarami haskensu ɗaya ne daga nesa, in ba a san rukuninsa ba ba a san girmansa ba, in ba a san ƙwarinsa ba ba a san ko a sama zai fashe ko sai ya dira ba. Ranar 15 ga Fabrairun 2013 wani mai faɗin kusan mita 20, kondirait irin na Itokawa, ya fashe bisa birnin Chelyabinsk na Rasha, mutane wajen 1,500 suka ji rauni, akasari gilashin taga ne ya yanke su. Ba wanda ya gan shi tafe domin ta wajen rana ya ɓullo. Waɗanda aka hango kafin su faɗo kuwa, daga na Sudan zuwa ƙarshen 2024, sun kai 11. Ɗaya daga ciki, 2018 LA, Kowalskin nan ne dai ya gano shi, ya faɗa ƙasar Botswana ranar 2 ga Yunin 2018, shi ma aka je aka tsinto guntayensa.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa

Duk wanda ke hulɗa da masu zuwa arewa, ko masu haƙar zinariya na Jado da Tchibarakaten, ya san dutsen sama ya zama haja. Hamada ce ta fi ko'ina adana su, babu ruwan da zai cinye su, kuma baƙin dutse a kan farin rairayi ba ya ɓuya. Ƙa'idar duniya ita ce a raɗa wa dutse sunan wurin da ya faɗa. Shi ya sa ake da Almahata Sitta, shi ya sa ake da Zagami, mai kilo 18, wanda ya faɗo ranar 3 ga Oktoban 1962 kusa da wani manomi a gonarsa a lardin Katsina, daga baya aka tabbatar ɓallin duniyar Mars ne. Duk inda aka ambaci duwatsun Mars a duniya sai an ambaci Zagami.

Amma dubban da suka fita daga Sahara hannu zuwa hannu, akasari ta kasuwannin kudancin Maroko, sun rasa suna. Wanda ya tsinta bai rubuta wuri ba, ko ya ɓoye, dillali na biyu da na uku ba su sani ba. Sai a rubuta musu NWA, wato arewa maso yammacin Afirka, a bi da lamba. Kafin ma a ba dutse lamba sai wani ɗakin bincike ya yanka ya tantance shi, kuma an ajiye giram 20 ko kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a wata cibiya da aka yarda da ita. Nan kuɗin yake. Dutsen da ba a tantance ba da kilo ake sayensa a wulaƙance, wanda aka tantance aka ga na Mars ne ko na wata da giram ake sayar da shi, kuma ribar da ke tsakani ba ta tsayawa a hannun wanda ya sha ranar hamada.

Wanda aka kawo wa irin wannan kaya ya lura da abubuwa kaɗan. Na gaske yakan fi sauran duwatsu masu girmansa nauyi, yana da baƙar fata siririya kamar wadda wuta ta lasa, kuma ba ya da ramuka irin na soso. Mai ramuka galibi kashin maƙera ne, mai ja-ja kuma marmara. Yawancinsu na kama mayen ƙarfe, amma masu tsadar, na Mars da na wata, da ƙyar suke kamawa, don haka wannan gwaji na iya sa a yar da mai daraja a riƙe na banza. Masana a jami'ar MIT ta Amurka ma sun nuna a 2023 cewa goga wa dutse mayen ƙarfe mai ƙarfi na shafe wani tarihi da ke cikinsa wanda ba ya dawowa. Wankewa da ruwa ko shafa mai don ya yi ƙyalli lalatawa ne. Hoton dutsen a inda aka same shi da lambar wurin, wadda wayar salula ke bayarwa, sun fi kowane ado ƙara masa daraja.

Ranar 16 ga Nuwamban 2023 aka tsinci wani mai kilo 24 da rabi da ɗoriya a jihar Agadez. Ya bi ta Italiya, inda aka baje kolinsa, an kuma tantance shi na Mars ne, mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. Sunan da ya samu shi ne NWA 16788, babu Agadez babu Nijar a ciki. Ranar 16 ga Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York a kan dala miliyan 5.3 har da la'ada, wajen miliyar 3 ke nan na kuɗin sefa. Gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda ya fita daga ƙasar, kamfanin kuma ya ce an bi ƙa'idojin fitar da kaya na ƙasa da ƙasa. A watan Agusta na 2025 hukumomin Yamai suka ba da sanarwar dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama. Mai irin wannan kaya a ajiye, kafin ya ɗora shi a mota ya nufi Ɗan Isa ko Ƙonni ko Magarya, ya fara zuwa wajen ƴan duwan da ma'aikatar ma'adinai ya ji inda dokar ta kwana.